Babur da Akwatin Gefe: Abin da Walda Ba Ta Iya Gyarawa

Tun bayan da gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a cikin birni a watan Janairun 2013, adaidaita sahu ya gaje titunan birnin, amma a ƙauyukan Gwarzo da Kabo babur ne har yanzu ke kai buhun masara kasuwa, shi ne kuma ke kai mai naƙuda asibiti. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mai babur ƙirar Boxer ya yi tunanin zuwa wurin mai walda a liƙa masa akwatin gefe, wato ƙaramin keke mai taya ɗaya da ake haɗawa da jikin babur domin ɗaukar mutum ko kaya.

Matsalar ita ce babur yana shan kwana ne ta hanyar karkata, kuma da zarar an sa masa taya ta uku a gefe, ba zai ƙara karkata ba, sai dai a murɗa kansa da ƙarfin hannu. Da yake a hannun dama ake tuƙi a Nijeriya tun 1972, akwatin a dama zai zauna, kuma duk lokacin da aka sha kwanar dama da gudu tayarsa takan ɗaga sama, musamman idan babu kaya a ciki. In an ƙara wuta nauyinsa yakan fizgi babur zuwa dama, in an taka birki kuma ya tura shi hagu, wato cikin hannun motocin da ke tahowa, abin da ba ƙaramin haɗari ba ne a hanyar Kano zuwa Gwarzo ranar kasuwa.

Sannan akwai batun ƙira. Kamfanin Ural na Rasha, wanda ya fara aiki a 1941, yana ƙera babur da akwatinsa tare, da ƙarfe mai kauri da inji babba. Baburan Bajaj da TVS da Jincheng kuwa, masu ƙaramin inji da siririn ƙarfe, an yi su ne don nauyin da ke danna su daga sama, ba wanda ke murɗa su daga gefe ba, shi ya sa wayoyin taya kan saki, wurin walda kuma ya tsage a hanya mai gargada. Zafin walda ma kansa yana raunana bututun ƙarfe, ko da mai aikin gwani ne.

Ba a ce haɗin ba ya yiwuwa ba. A Malawi an yi amfani da irinsa wajen ɗaukar mata masu juna biyu. Amma yana buƙatar ƙarin ƙarfen riƙo da aka ɗaure da kusoshi, da birki a tayar gefe, da saita tayoyi daidai, da direban da ya sake koyon tuƙi daga farko. Manomin da ke da kuɗin wannan duka, gara ya cika ya sayi babur mai ƙafa uku na dakon kaya, ko da na hannu ne.