Wai Mdou Moctar ya sayar wa Turawa da kiɗansa?

Jama'a, maganar nan ta "wane ya canza salo, ya bar asalinsa" ta fara isata. Tun da na dawo gida Kontagora tattara bayanan bincikena ake tafka ta a majalisarmu ta 'yan makaranta, kuma a kan mutum ɗaya: Mdou Moctar, Ba'abzinen nan na jihar Tahoua a Nijar mai kaɗa jita da hagu. Masu ƙorafi na cewa tun da Ba'amurken nan Mikey Coltun ya shiga ƙungiyar, yana kaɗa jitar bes kuma yana haɗa musu sauti, kiɗan ya koma hayaniyar rok ta Turawa. Su dai a dawo musu da Mdou na da.

To, wane ne Mdou na da?

Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008. Ku saurare shi da kunnen basira. Murya ce da aka ja da Auto-Tune a kan kiɗan na'ura, tsaf irin na waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin. Wato abin da abokaina ke kira "asali", shi ma aro ne, kuma a wurinmu aka aro shi. Na tabbata a wancan lokacin akwai dattijon Ba'abzine da ya ji ya taɓe baki, ya ce yaro ya je ƙasar Hausa ya ɓata kiɗan iyaye. Da ya ara a wurinmu mun kira shi basira. Da ya ara a wurin wasu sai ya zama cin amana? Haba.

Ban ce babu abin da ya sauya ba. Ya sauya ƙwarai. A Afrique Victime na 2021, ba mutum ɗaya kake ji ba, mutum huɗu ne: shi, da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim a kan ganguna, da Coltun. In mutum huɗu suka zauna a ɗaki guda, dole kowa ya ja zaren ta gefensa, kuma abin da zai fito ba zai yi kama da na mai zaman kaɗaici da jitarsa ba. Duk wanda ya taɓa yin aikin rukuni a aji ya san haka (mu 'yan digiri na biyu ma da malami ɗaya kawai muke ja, amma dubi yadda babi na biyu ke fitowa ba ka gane shi). Ni kaina akwai wuraren da ƙarar jitar ke yi min yawa, har na rage sauti. Wannan zancen kunne ne, kowa da nasa.

Inda na ƙi yarda shi ne cewa ya yi ne don ya faranta wa Bature. Wanda ke neman yardar Bature ba ya fitar da Funeral for Justice a 2024, da waƙa a ciki sukutum mai suna "Oh France" yana caccakar Faransa, da wata yana kiran mutanensa su riƙe harshensu na Tamashek kada ya ɓace. Har yau da harshen uwarsa yake waƙa. Mu da muke wannan suka, nawa ne cikinmu ke iya rubuta layi biyar na Hausa ba mu tsoma Turanci ba?

Sannan ga wadda ba ma son a taɓo. Waƙoƙin Anar ta Bluetooth da memori suka yaɗu, daga waya zuwa waya, kyauta. Sai da wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sa waƙarsa "Tahoultine" a wani kundi na waƙoƙin wayoyin Sahara kafin duniya ta neme shi. Mu mun ji daɗi, wasu sun sayi tikiti. Mai ganguna yana da iyali, mai jita ta biyu ma haka. Kuma halin nan bai bar mu ba. Yara nawa ne a makarantunmu suka haɗa ƙungiyar kiɗa, aka gayyace su dinar yaye ɗalibai, aka sallame su da shinkafa da lemo? Suka watse kuma muka zauna muna cewa hassada ce ta raba su.

Masu kewar kiɗa mai sanyi kuwa, an ma riga an biya muku buƙata. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya rutsa da su suna yawon wasa a Amurka, hanyar gida ta toshe. A wannan zaman jiran suka shiga situdiyo a New York suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice da jitar katako, a natse, aka fitar da shi a 2025 da sunan Tears of Injustice. Mutanen nan dai su ne, har da Ba'amurken da kuke zargi. Ku je ku ji shi tukuna, ta hanyar da za a biya su ba ta Xender ba, sai mu ci gaba da musun.