Gidan Sauro Ba Taru Ba Ne

Wannan makon da masunta nake, musamman na dam ɗin Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma, da masu su a kududdufan yankin Kurfi.

Tun 1983 da aka kammala Zobe a kan kogin Karaduwa, karfasa da tarwaɗarsa ke riƙe da gidaje masu yawa. Amma inda ruwa ya kwanta, nan sauro ke hayayyafa, kuma macen da ke ɗauke da cutar cizon sauro da dare take farauta, daidai lokacin da masunci ke bakin ruwa, 'ya'yansa na barci a gida. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan cuta a duniya. Shi ya sa ake raba gidan sauro kyauta.

To, akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a Afirka, daga tafkin Tanganyika zuwa na Malawi: a kwance gidan sauro daga kan gado, a ja shi cikin ruwa. Duk mai wannan a ruwanmu ɓarna uku yake yi. Idon gidan sauro ƙanana ne, ba ya barin ko ɗan tsakon kifi. Maganin da aka jiƙa shi da shi guba ne ga kifi. Sannan yaron da aka raba da shi ya kwana a hannun sauro.

Za a ce talauci ne, taru ya yi tsada. Gaskiya ne ya yi tsada. Amma wane manomi ne ke dafa irin shukarsa don yunwar yau, sannan ya sa ran girbi? Kifin da aka kwashe yana ɗan yatsa, shi ne wanda za a nema baɗi a rasa. Ribar kwano ɗaya kuma ba za ta biya ƙarin jinin yaro a asibiti ba. An gudu gara, an faɗa zago.

Sarakunan ruwa su hana, su hukunta. Ƙananan hukumomi su taimaka wa ƙungiyoyin masunta da rancen taru mai faɗin ido. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ta sauko bakin ruwa ta wayar da kai. Mu masu saye kuma, mu daina karɓar 'yan mitsi-mitsin kifi don arha.

Mai ja da wannan magana, fili nasa ne. Allah Ya ba mu lafiya.