Ina Ishaya da Rifkatu a Finafinan Soyayya?

Idan almuru ta yi a unguwar Zongo ta birnin Kwatano, a Jamhuriyar Benin, masu komowa daga kasuwar Dantokpa sukan taru gaban talabijin, waɗansu kuma su duƙufa kan wayoyinsu. Abin da suke kallo daga Kano ya zo. Saurayi yana son budurwa, uba ya ƙi, kawu ya tafka wauta a sha dariya, a ƙarshe a ɗaura aure. Cikin masu kallon akwai mutumin Maraɗi, akwai ɗan Dendi daga arewacin Benin, akwai Bayarabiyar da ta koyi Hausa a kasuwa, akwai kuma Kirista 'yan Arewa da neman abinci ya kawo su bakin teku. Dukansu suna dariya tare, amma kaɗan ne daga cikinsu suke ganin irinsu a cikin akwatin.

Tun daga Turmin Danya na 1990 ake yin finafinan Hausa na bidiyo. Shekara talatin da ɗoriya ke nan. A tsawon wannan lokaci, sau nawa aka ga jarumin soyayya mai suna Ishaya ko Bitrus? Sau nawa aka ga amarya Rifkatu da aka ɗaura mata aure a majami'a, ta yi zamanta lafiya? Galibi idan Kirista ya fito, ɗayan biyu ne. Ko dai a sa masa gurɓatacciyar Hausa a baki don a yi masa dariya, ko kuwa budurwa ce da za ta bar addininta kafin fim ya ƙare, domin jarumi ya samu ya aure ta.

Wannan ba gaskiyar ƙasar Hausa ba ce. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932. Daga cikin Kiristan Zariya aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko a Arewacin Nijeriya, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Ikilisiyoyin Wusasa da Malumfashi, da na Tsibiri kusa da Maraɗi, da Hausa suke sujada, da ita suke neman aure, da ita suke barkwanci. Ashe mutanen nan ba sa soyayya? Ko kuwa babu abin dariya a gidajensu?

Masu shirya fim suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Hukumar tace finafinai ta Jihar Kano tana nan tun 2001. A 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda ta rungumi mawaƙi ClassiQ a bidiyon wata waƙa. Wanda ya zuba jarinsa a fim dole ya taka a hankali. To, amma ai ba wanda ya roƙi runguma. Abin da ake nema shi ne maƙwabci Kirista mai hankali, mai Hausa tsantsa, wanda za a yi dariya tare da shi. Wace doka ce ta hana wannan? Tashar Arewa24, da aka buɗe a 2014, ta sa Stephanie, budurwa Kirista, a cikin shirin Dadin Kowa, kuma jama'a ba su daina kallon shirin ba. Sai dai sunan ma na Turanci ne, kamar dai Kirista baƙo ne a ko'ina.

Ɗan Zongo Musulmi shi ma bai tsira ba. Hausarsa mai gauraye da Faransanci, da sefar da ke aljihunsa, da kakarsa 'yar Fon, duk ba su da wuri a waɗannan labarai. Yana sayen katin waya ya kalli gidajen Kano, yaransa kuma suna tashi da tunanin cewa Hausar gidansu ta kasa.

Laifin kuma bai tsaya kan Kano ba. Ikilisiyoyi sun daɗe suna shirya wasan kwaikwayo, amma kusan duka wa'azi ne aka sa wa riga: mashayi ya tuba, boka ya sha kunya, a rufe da addu'a. Dattawa suna ganin labarin soyayya abin kunya ne, sa'an nan su koma gida su tarar da 'ya'yansu suna kallon na wasu. Matasan da suka iya ɗaukar hoton ƙungiyar mawaƙa ranar Lahadi, su ne za su iya ɗaukar fim, labarin kuwa yana bakin ƙofarsu. Ga tela ɗan Tsibiri da ya ga 'yar Fon mai sayar da atamfa a Dantokpa. Kawunsa ba ya jin Faransanci, uwarta ba ta jin Hausa, tafintan da aka ɗauko don maganar sadaki kuwa shi ma yana son yarinyar.