KWANA HUƊU A LANDAN: A RAGE BURI

Wani tsohon ɗalibin makarantar nan ya same ni a gida da wata doguwar takarda a hannunsa. Ya sami bizar ziyara zuwa Ingila, zai yi kwana huɗu a Landan shi kaɗai, kuma bai taɓa fita ƙasar nan ba. A takardar ya jera wurare goma sha tara da yake so ya gani. Na ɗauki jan biro kamar yadda na saba yi masa a aji, na soke goma sha shida. Ya ce, "Haba Malam! Shekara biyu na yi ina tara kuɗin tafiyar nan." Na ce masa ai saboda kuɗin ne ma na soke su.

Ra'ayina shi ne, wanda zai je babban birni karo na farko, shi kaɗai, na ƴan kwanaki, ya zaɓi wuri ɗaya tak kowace rana. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma sha tara. Ni da kaina na yi wannan kuskure a zuwana na farko. Na yini ina sauka ina hawa jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, wanda suke alfahari da shi tun 1863. Da na dawo gida aka ce in ba da labari, sai na ga ramuka da matakala ne suka fi yawa cikin abin da na gani.

Ranar isa ta hutu ce. Bayan awa shida da ɗoriya a jirgin sama, ga layin duba fasfo, ga kusan awa guda daga filin jirgi na Heathrow zuwa tsakiyar gari a layin Piccadilly. Ka nemi masauki kusa da tasha tun kana gida, ka rubuta adireshin a takarda, domin waya tana iya mutuwa. Ka riƙe katin banki ko katin Oyster, gama tun 2014 bas ɗin Landan ba ta karɓar tsabar kuɗi. Wajen ƙetare titi kuwa ka fara duban dama, don motocinsu a hannun hagu suke tafiya, kamar yadda namu suke yi kafin 1972.

Rana ta biyu ka ba Gidan Tarihi na Birtaniya, ita duka. Shiga kyauta ne. A can za ka ga kayan tagulla na Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, ka tsaya ka yi tunani a kan yadda aka yi suka je can. Akwai kuma wani baƙin dutse na Assuriya mai ɗauke da sunan Yehu, sarkin Isra'ila, wanda muke karantawa a Littafin Sarakuna. Mai sauri zai wuce dutsen nan bai san ya wuce ba.

Rana ta uku ta tafiya a ƙasa ce. Daga Gadar Westminster za ka ga majalisar dokoki da hasumiyar agogon Big Ben, ka ratsa lambun St James ka kai Fadar Buckingham cikin kamar minti ashirin. Majami'ar Westminster, inda aka binne David Livingstone a 1874, tana karɓar kuɗi daga masu yawon buɗe ido, amma mai zuwa sujada ba ya biyan ko kwabo.

Rana ta huɗu ka hau jirgin ruwa a Kogin Tems zuwa Greenwich. Ɗalibanmu na labarin ƙasa sun sha zana layin nan da aka amince da shi a 1884 ya zama mafarin auna gabas da yamma. Ka je ka sa ƙafa ɗaya a kowane gefe. Gani ya kori ji.

Na san wasu za su ce, wa ya sani ko mutum zai sake komawa? Gaskiya ne. Amma wanda ya ga wurare uku da idon basira ya dawo da abin da zai koya wa wasu, wanda kuwa ya bi goma sha tara a guje hotuna kawai zai kawo, da ciwon ƙafa. Ga shi kuma baƙo shi kaɗai ba shi da mai tuna masa lokaci ko mai riƙe masa jaka. In ya gaji, a nan yake ɓata hanya, a nan yake yar da fasfo. A watan Disamba ma rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu na yamma, yinin da kansa gajere ne.

Abu na ƙarshe da na gaya wa yaron shi ne kada ya ji kunyar tambaya, matambayi ba ya ɓata. Kuma ranar da ya rubuta wa ofishin biza cewa zai dawo, ya dawo a ranar. Sauran wurare goma sha shida suna nan, ba inda za su. Allah ya kai shi lafiya, ya dawo mana da shi lafiya.