Aljihu Ɗaya, Kwaɗo Biyu

A lardin Ontario na ƙasar Kanada, kwana 194 ake karatu a shekara. Sauran kwana 171 babu darasi. Ko a ranakun karatun, kafin ƙarfe huɗu na yamma an tashi yara. Zauren motsa jiki, ɗakin karatu, a wasu makarantun har da wurin ninƙaya, duk sai a kashe fitila a ja ƙofa, sai fa ga wanda ya nemi izini ya biya haya. Mu kuwa mazauna dogayen benayen Toronto, ranar da hukumar birni ta buɗe rajistar koyon ninƙaya, sammako muke yi da waya a hannu, kuma kafin ka gama rubuta sunan yaro gurbi ya cika. Ga ruwa a ƙetaren titi, ga yara da ƙishirwa.

Maganarmu ɗaya ce: daga yau, duk makarantar da za a gina a wannan birni a gina ta haɗe da cibiyar al'umma, hukumar birni da hukumar makarantu su zama masu gida tare.

Me ya hana? Iyayen giji biyu ne. Hukumar birni ke kula da wuraren shaƙatawa da cibiyoyin unguwa. Makarantu kuwa suna hannun hukumomi huɗu, kwatankwacin SUBEB a gida: biyu na masu Turanci, biyu na masu Faransanci, a kowane harshe da ta kowa da kowa da ta Katolika. Tun 1998, zamanin gwamnatin Mike Harris, aka karɓe wa hukumomin makarantu ikon yanka haraji, lardi ya koma shi ke ba su kuɗi, galibi bisa yawan ɗalibai. Daga nan duk fitilar da ta kai dare a kunne, duk mai sharar da ya ƙara awa ɗaya saboda mutanen unguwa, ya zama asara a littafin hukuma. Shi ya sa a 2008 aka yunƙura za a rufe wuraren ninƙaya na makarantu, sai da tsohon magajin gari David Crombie ya shiga tsakani. A 2025 maganar ta sake dawowa. Kowace hukuma na kare kasafinta, amma daga aljihu ɗaya kuɗin ke fita, namu.

Mu masu aikin manhaja mun daɗe da sanin wannan cuta. Kamfanin da ya sayi babbar kwamfuta ya bar ta zaune fiye da rabin lokaci, sannan ya sayo ta biyu don wani sashe ba ya son raba tasa, korar manajan ake yi. Tun shekarun 1960 aka koyi raba lokacin na'ura ɗaya tsakanin mutane da yawa, kowa da iyakarsa da kalmar sirrinsa. Abin da aka iya da na'ura, ya gagara da bulo da siminti?

Bai gagara ba. A unguwar CityPlace, tsohon filin jirgin ƙasa kusa da hasumiyar CN, akwai Canoe Landing. Gini ɗaya ne ya ɗauki firamaren Jean Lumb, da firamaren Katolika ta Bishop Macdonell, da wurin renon yara, da cibiyar al'umma ta birni. Da rana zauren wasa na ɗalibai ne, da yamma na unguwa. A 2020 makarantun suka buɗe. A birnin Vancouver kuwa, cibiyar Britannia tun 1976 take haɗe da makarantu da ɗakin karatu da wurin ninƙaya, kuma mutanen unguwa na cikin masu gudanar da ita.

Masu ja da mu suna cewa Canoe Landing ai hujja ce a kanmu: mutane sun tare a benayen tun farkon shekarun 2000, amma sai da aka kusa shekara ashirin kafin makaranta ta buɗe. Gaskiya ne, yaran da aka haifa ana jira har sun wuce firamare. Amma jinkirin ba laifin haɗin ba ne, laifin rashin tsayayyar ƙa'ida ne. Idan kowane aiki sai lauyoyin hukuma uku sun fara ciniki daga tushe, dole a tsufa ana jira. A rubuta yarjejeniya guda da za ta hau kan kowane gini.

Sai maganar tsaron yara, wadda ba ma wasa da ita, don namu yaran ne a ajin. Amma maganinta a zanen gini yake: ƙofar makaranta daban, ta jama'a daban, ƙyauren tsakiya a kulle muddin ɗalibai na ciki. Wanda ya ce hakan ba zai yiwu ba, ya je Canoe Landing ya duba. Kuma yaron da ya rasa wurin zuwa da yamma a watan Janairu, ƙanƙara ta rufe fili, duhu ya yi tun ƙarfe biyar, shi ma tsaronsa abin tambaya ne.

Waɗanda suka fi ba mu tsoro su ne masu cewa makarantar da ɗalibanta suka ragu a sayar da filinta a cike giɓin kasafi. Filin da aka sayar a tsakiyar Toronto ya tafi ke nan. Unguwa kuwa juyawa take: tsofaffi su tashi, masu goyo su tare. Ajin da ya zama fanko bana, a ba birni ya yi wurin reno, ko ajin koyon Turanci ga baƙi, ko zauren da iyalai irin namu za su yi islamiyyar Asabar da taron suna.

Sharaɗinmu guda ne, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a haƙa tushe, a rubuta wa ke riƙe da mukulli, wa ke biyan kuɗin ɗumama gini, wa ke gyaran rufi in ya yi yoyo, awa nawa ne rabon unguwa a mako. A liƙa jadawalin a intanet kowa ya gani, a kuma ba mazauna unguwa kujera a kwamitin gudanarwa. Haɗin da babu wannan, hoton yanke ƙyalle ne kawai. Bayan shekara uku kowa ya sayo kwaɗonsa.

Saboda haka idan kansila ko ɗan majalisar lardi ya ƙwanƙwasa mana ƙofa neman ƙuri'a, kada mu bar shi ya tafi da murmushi da takardar talla. Mu nuna masa makarantar da ke ƙetaren titi, mu tambaye shi ƙarfe nawa za a kunna mana fitilar da muka biya.