Diyyar Asara Haƙƙinmu Ce

Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ƙasashen da suka yi arziki ta hanyar ƙona kwal da man fetur su ne suka cika sama da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Abin da Afirka duka take fitarwa bai wuce kashi 4 cikin 100 ba, amma muna cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsa.

Ba mu manta da ambaliyar 2022 ba. A Nijeriya kawai ta kashe mutum fiye da 600, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma masana sun gano cewa ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan saman shekarar ƙarfi. Manomin da ruwa ya cinye gonarsa da rumbunsa, ya koma kwana a aji da iyalinsa, wa zai biya shi?

Tun 1991 ƙasar Banuwatu, wasu ƙananan tsibirai a tekun Fasifik, ta nemi a yi tanadi domin irin wannan asara. Sai a 2022, a taron Sharm el-Sheikh na Masar, aka yarda a kafa asusu. A taron Dubai na 2023 aka yi alƙawarin kimanin dala miliyan 700, alhali kuwa ambaliyar Fakistan ta 2022 kaɗai ta ci kimanin dala biliyan 30. Wannan ai ɗigon ruwa ne a bakin mai ƙishirwa.

Kada mu ce mu yara ne, ba ruwanmu. A 2019 ɗaliban shari'a ne a Banuwatu suka fara kiran a kai maganar Kotun Duniya da ke Heg. Gwamnatinsu ta ɗauka, kuma a Yuli 2025 kotun ta bayyana cewa ƙasar da ta ƙi sauke nauyinta game da yanayi ana iya neman diyya a hannunta.

To, mu ma muna da aikin yi. Mai neman diyya sai da shaida. Idan mun je hutu, mu zauna da iyayenmu da kakanninmu, mu rubuta gonakin da ruwa ya ci, da dabbobin da suka mutu, da gidajen da suka tashi. Mu kuma tambayi shugabanninmu game da gyaran madatsun ruwa, domin ɓallewar madatsar Alau da ta cinye Maiduguri a 2024 ta nuna akwai sakaci a cikin gida.

'Yan'uwa ɗalibai, alƙalami yana hannunmu. Mu yi amfani da shi tun kafin damina ta sake kewayowa.