Zuciya Ma Tana Buƙatar Magudana: Ƙananan Ɗabi'un da Ke Rage Damuwa

Duk wanda ya taɓa zama na ɗan lokaci a shagon sayar da magani a Kwanar Dangora ko a cikin garin Tudun Wada ranar kasuwa, zai ji wasu koke-koke da ke maimaita kansu. Wannan ya ce gabansa ke faɗuwa babu dalili. Wancan ya ce ƙirjinsa ke zafi, kansa ya yi nauyi kamar an aza masa dutse. Wata kuma ta aiko yaro a sayo mata maganin barci, domin kwana uku ke nan ba ta runtsa ba. Da yawansu da maganin olsa ko na taifot suke komawa gida, su sha, su ji sauƙi na kwana biyu, ciwo ya dawo sabo. Akwai masu olsar gaske a cikinsu, akwai masu taifot. Amma akwai kuma waɗanda damuwa ce ke cin su, ta rasa bakin magana, ta ɓullo ta jiki.

Damuwar mutanen wannan yanki tana da tushe. Manomin masara a Doguwa kan ci bashin taki da damina, kaka ta yi farashin hatsi ya faɗi, abin da ya girbe ya kasa biyan abin da ya kashe. Mai noman rani a ƙasar Bebeji ya san abin da injin ban-ruwa ke sha tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Direban da ya bi hanyar dajin Falgore a shekarun da 'yan fashi da masu garkuwa da mutane suka addabe ta, har yau ƙirjinsa kan buga idan ya shiga dajin da almuru. Matar da mijinta ya tafi cirani ya bar ta da yara da ɗan abin da bai kai wata ba, ita ma lissafi ne ke hana ta barci. Duk waɗannan, amsa guda muke ba su: a yi haƙuri.

Haƙuri magani ne, babu musu. Kuskurenmu shi ne mun mayar da shi shiru. Mun ɗauka mai haƙuri shi ne wanda ya haɗiye komai, bai faɗa ba, bai nuna ba, har mukan kafa hujja da cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Mutanen Bebeji sun fi kowa sanin inda wannan tunani ya gaza. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, tana riƙe ruwa mai ɗimbin yawa, amma an yi mata hanyar da take sakin sa da ƙa'ida, har ya je ya shayar da gonakin Kadawa. Su ne kuma suka ga abin da ya faru a watan Agustan 1988, lokacin da ruwa ya fi ƙarfin madatsar Bagauda ta ɓalle, ta ci gonaki da gidaje. Ra'ayina a wannan mako shi ne, haƙurin da ke ɗorewa sai an yi masa magudana, kuma magudanar ƙananan ɗabi'u ne da ake maimaitawa kullum, waɗanda ba sa cin ko sisi.

Kafin a zo gare su, yana da kyau a san abin da ke faruwa a jiki. Idan mutum ya hangi haɗari, jiki kan saki sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, tsoka ta ɗaure, ciki ya dakatar da narkar da abinci. Wannan shiri ne mai amfani ga wanda ya yi kiciɓis da maciji a kunya. Matsalar ita ce jiki ba ya bambanta maciji da tunanin bashi. Maciji kan wuce cikin minti guda, bashi kuwa kan kwana da mutum wata shida. Daga nan ne faɗuwar gaba da zafin ƙirji da ciwon kai da rashin barci ke samo asali. Aikin ɗabi'un da za mu ambata shi ne su riƙa sanar da jiki cewa ya sauke makami.

Ta farko ita ce tsare barci. Baligi na buƙatar aƙalla awa 7 a dare, kuma abin da ya fi taimakawa shi ne a riƙa tashi a lokaci guda kullum, ko da daren ya zo da gardama. Wanda ya tashi da asuba, ya kuma fita ya sami hasken hantsi, ya saita wa jikinsa agogon da zai kawo masa barci da dare. Abokan gābar barci a wurinmu sanannu ne: goro, shayi mai kauri, kofi da lemon ƙarin kuzari. Sinadarin kafin da ke cikinsu kan daɗe a jini, kusan rabinsa na nan bayan awa 5, don haka mai fama da rashin barci ya yi sallama da su daga la'asar. Sai waya. Kallon hotunan gawawwaki da sauraron muryoyin tashin hankali a WhatsApp da Facebook a kan shimfiɗa tamkar kiran maciji ne zuwa ɗaki. A ware wa labarai lokaci da rana, a ajiye waya nesa da matashi da dare.

Ta biyu, motsa jiki. Na san wani zai yi dariya ya ce, wa zai koya wa mai riƙe da garma motsa jiki? Gaskiya ne, da damina. Amma bayan an kai amfani gida, mutum nawa ne ke wuni a gindin bishiya ɗaya daga hantsi zuwa magariba? Ga mai shago, ga tela, ga malamin makaranta, ga matashin da ko masallacin unguwa sai a kan babur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato kamar tafiyar rabin awa da ɗan sauri sau biyar. Tafiya tana ƙone sinadaran firgici, tana kuma kawo gajiyar da ke jawo barci. Matan da ba sa fita, tsakar gida ta ishe su: zagaye da sassarfa bayan sallar asuba, da zama a inda rana ke sauka maimakon wuni a ƙuryar ɗaki.

Ta uku ita ce numfashi, kuma ita ce ta lokacin da abu ya taso. Idan gaba ya faɗi ko rai ya ɓaci, a zauna, a ɗora hannu a kan ciki, a ja iska ta hanci ana ƙirga huɗu, a sake ta a hankali ana ƙirga shida. A maimaita sau goma. Tsawaita fitar da iska yana motsa jijiyoyin da ke lafar da bugun zuciya. A haɗa da doka guda: kada a yanke hukunci cikin wannan hali. Saki nawa aka furta, zumunci nawa aka yanke, yaro nawa aka yi wa dukan da ya wuce laifinsa, a cikin mintuna biyar ɗin da ya kamata a fita waje a wanke fuska?

Ta huɗu, a raba damuwa gida biyu: wadda ke hannunka da wadda ba ta hannunka. Saukar ruwan sama da farashin buhu a kasuwar Dawanau ba sa hannun manomi. Sanin ainihin adadin bashinsa, da zuwa wurin mai bashin a tsara yadda za a biya, suna hannunsa. Bashin da ba a lissafa ba ya fi girma a ƙwaƙwalwa fiye da a takarda. A ware kwata ɗaya na awa bayan la'asar, a zauna da alƙalami, da boko ko da ajami, a rubuta abin da ke damun rai da mataki guda da za a ɗauka gobe. Idan tunanin ya dawo da tsakar dare, a ce masa lokacinsa ya wuce, sai gobe. Da fari zai ƙi ji, amma a hankali yakan saba.

Ta biyar ta shafi mai mutuwar jiki, wanda komai ya fita daga ransa. Irin wannan kan ce sai ya ji daɗi zai fita. Masana halayyar ɗan'adam sun gano cewa abin a juye yake: aiki ke gaba, jin daɗi ya biyo baya. Don haka a zaɓi ƙaramin abu a yi shi ko rai ba ya so. A yi wanka a sa tufafi masu tsabta, a ba dabbobi ruwa, a leƙa maƙwabci mara lafiya, a ci abinci a kan lokaci ko da loma kaɗan ce. Yini mai ginshiƙai, wanda lokutan ibada da na abinci da na aiki suka rarraba, ya fi sauƙin ɗauka fiye da yinin da ba shi da farko ba shi da ƙarshe.

Ta shida, wadda na fi ba muhimmanci, ita ce magana. Muna da majalisa a kowace unguwa, muna da biki da suna, amma mutum kan wuni cikin jama'a yana muhawarar siyasa da ƙwallo, ya koma gida da kayansa a ƙulle. Abin da ake buƙata mutum ɗaya ne mai riƙe amana. A Zimbabuwe, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya fara wani shiri a 2006 a birnin Harare, inda aka horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti, su saurari masu ciwon da a harshen Shona ake kira yawan tunani, su taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna a bencin sun fi samun sauƙi fiye da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Benci da tsohuwa mai hikima ba su yi mana ƙaranci a Kiru ko Riruwai ba. Abin da ya rage shi ne mai saurare ya koyi yin shiru har a gama, kada ya tare maganar da wa'azi, kada kuma ya kai ta gaba.

Akwai magudanar ƙarya da ya wajaba a yi gargaɗi a kanta, wato ƙwaya. Taramol da maganin barcin da ake saye ba tare da takardar likita ba kan kwantar da hankali na 'yan sa'o'i, su dawo da damuwar ninki biyu tare da jaraba. Ba banza ba gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a 2018, kuma cibiyar gyaran hali da ke Kiru shaida ce ta inda wannan hanya ke ƙarewa.

Na san ƙorafi biyu da za a yi wa wannan rubutu. Na farko: numfashi ba ya biyan kuɗin taki. Haka ne. Ba kuma zai sauke wa hukuma nauyin tsaro da tallafa wa manomi da kawo kulawar lafiyar ƙwaƙwalwa ƙananan asibitoci ba, musamman tun da aka sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa a farkon 2023. Amma wanda ya yi barci ya fi wanda bai yi ba iya ciniki da lissafi da neman mafita, kuma iyalinsa sun fi samun sauƙinsa. Na biyu: wai damuwa raunin imani ce. Fiye da shekara dubu da suka wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan kiyaye lafiyar jiki da ta rai. A ciki ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauka haka kawai, ya kuma nuna na biyun yana buƙatar magani kamar sauran cututtukan jiki. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Mai hawan jini yana yin duka biyun, ba mai zarginsa.

Waɗannan ɗabi'u suna da iyaka. Idan ƙunci ko rashin sha'awar komai ya kai mako biyu kusan kullum, ya hana aiki ko ci ko barci, a je asibitin gwamnati mafi kusa. A can za a duba ko ƙarancin jini ko hawan jini ko ciwon maƙoƙo na da hannu, in ta kama a tura mutum asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mai jegon da ke yawan kuka, ko take jin jaririnta ya fita daga ranta, ciwo ke damun ta kuma yana da magani, kada a ce sangarta ce. Wanda kuwa ya fara cewa gara ya mutu ya huta, a ɗauki maganarsa da gaske: kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar, a kuma kulle fiya-fiya da maganin feshi da na ɓera, domin a ƙasar noma su ne mafi kusa da hannu.

Kada mai karatu ya ce zai kwashi shidan nan gaba ɗaya daga gobe, sai ya gaji ya watsar. A ɗauki guda, a riƙe ta mako biyu, sannan a ƙara wata. In kuma akwai wani a gidanku ko a majalisarku da ya yi shiru fiye da yadda kuka san shi, ku same shi shi kaɗai a yau, ku tambaye shi abin da ke damun sa, ku jira amsa. Allah Ya ba mu lafiya da kwanciyar hankali, sai mun haɗu a rubutu na gaba.